Kalmar da Modibbo Ya Ƙi Faɗa

Modibbo ya ɗauke 'yarsa Habibatu daga gidan mijinta ranar wata Talata da hantsi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Keke napep ya tara daga Gwallaga har Yelwa, ya ce wa mai keken ya jira, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama sau ɗaya.

"Ɗauko mayafinki," ya ce da ta fito.

"Baffa, lafiya? Ko Inna ce?"

"Innarki lafiya lau. Ɗauko mayafinki."

Mijinta Abdulrauf ba ya nan, ya tafi koyarwa a jami'a. Habibatu ta dubi fuskar uban, ta ga ba fuskar tambaya ba ce. Ta koma ciki ta sauke tukunya, ta kashe wuta, ta kulle ƙofa, ta biyo shi.

Modibbo ya haura saba'in. Sunan kakansa ya ci, wanda babban malami ne a rugarsu, amma shi kansa bai yi nisa a allo ba, boko kuwa ko ƙofarta bai leƙa ba. Shanu ya sani. Shekara arba'in yana dillanci a kara kafin gwiwa ta zaunar da shi a gida. A unguwa an san shi da abu biyu: ba ya yawan magana, kuma in ya yi ba ya janyewa.

Shi da kansa ya yarda da Abdulrauf shekara shida da suka wuce. Yaron yana cire takalmi tun daga nesa, yana tsugunawa har ƙasa, ba ya haɗa ido da surukinsa. Da gwamnati ta tura shi ƙasar Maleshiya ƙarin karatu, Habibatu ta zauna a Yelwa shekara biyu da rabi tana jiransa. Modibbo ya riƙa gaya wa mutanen masallaci, cikin gajeriyar maganarsa, cewa surukinsa ba irin waɗanda tafiya ke ɓatawa ba ne. Kwana tara ke nan da dawowar Abdulrauf.

Abin da ya faru ranar Litinin ne, bayan la'asar. Abdulrauf ya zo gaisuwa da wani abokinsa Musaddiq, wanda suka yi karatu tare a can. Suka zauna a dakalin ƙofar gida suna jiran a yi musu iso. Ba su san Modibbo yana bayan katangar ba, yana dama wa ragonsa dusa. Katangar kuwa gajera ce, ko tari aka yi a waje ana ji.

"Ni fa abu ɗaya nake kewa a ƙasar nan," in ji Musaddiq.

"Kar ma ka faɗa, na sani," Abdulrauf ya ce. "Duriyan."

"Wallahi kuwa!"

"Rage murya, malam, ƙofar gidan surukaina muke."

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Kai da farko har toshe hanci kake," in ji Musaddiq.

"To ai warin ne. Ko kusa ba na zuwa. Ranar da ka ja ni bayan masaukinmu ka ce in gwada sau ɗaya, shi ke nan ka lalata ni."

"Sau ɗaya ina! Kusan kullum da yamma kana bakin titin nan."

"In na gama sai na wanke hannu da baki da sabulu kafin in shiga masallaci, kar na kusa da ni ya gane."

"Ka tuna ranar da aka kusa korar mu daga otal?"

"Bari kawai."

"Madam ta sani?"

"Da wane bakin zan gaya mata?"

Modibbo ya tsaya da ƙwarya a hannu. Ragon yana ta tura shi da kai, bai ji ba. Ya san kalmar. Duk wanda ya yi zaman kara da tasha ya san ta. Farkonta sunan tsiraicin mace ne a bakin marasa kunya, sunan da mutumin kirki zai mutu bai furta ba. 'Yar wutsiyar da aka liƙa mata a ƙarshe kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya san halin 'yan boko, sukan ƙara wa magana ado don kar na gefe ya gane. Ya haɗa kalmar da bayan masauki, da bakin titi da yamma, da otal, da wanke jiki kafin masallaci, da matar da ba za a gaya wa ba. Bai ga inda za a sake fassara wannan ba.

Bai fita ba. Ya aika matarsa, Inna Rabi'atu, ta ce musu yana hutawa. Washegari ya tafi Yelwa.

Da azahar ɗin Talata Abdulrauf ya iso a gigice. Ya bar motarsa a karkace a bakin layi, ya cire takalmi, ya shiga zaure ya tsuguna. Modibbo yana zaune a kan buzu, sandarsa a gefe.

"Baffa, na dawo na tarar da ƙofa a kulle. Maƙwabta suka ce kai ka zo. Me na yi?"

"Ka san abin da ka yi."

"Wallahi tallahi ban sani ba."

"Kar ka ƙara da rantsuwa."

"Baffa, in wani ne ya kawo magana, a kira shi a gabana."

"Ba wanda ya kawo. Kunnena ne ya ji."

"Ya ji me, Baffa?"

Nan Modibbo ya buɗe baki, harshen ya ƙi. Yadda ba ya kiran sunan ɗansa na fari, yadda bai taɓa cin abinci a gaban surukansa ba har suka koma ga Allah, haka wannan kalma ba ta da hanyar fita daga bakinsa, balle a gaban mijin 'yarsa.

"Juma'a bayan masallaci ka zo mata da takardarta," ya ce. "In ba ka kawo ba, mu haɗu gaban alƙali. Tashi ka je."

Abdulrauf bai tashi ba sai da aka kira la'asar. Ya fita yana share ido da hula.

Cikin gida ya zama kamar gidan makoki. Habibatu ta shige ɗakin da ta yi 'yan matancinta ta kwanta. Inna ta kai mata tuwo, ya dawo yadda ya tafi. Ta kai fura, ita ma haka.

"Malam, ka gaya mini ko ni kaɗai," Inna ta ce da safiyar Laraba, tana ajiye masa koko. "Dukanta ya yi?"

"A'a."

"Ya hana ta abinci? Ya zage mu?"

"A'a."

"Aure ya ƙaro a can bai faɗa ba?"

"Da aure ne da sauƙi."

"To mene ne?"

"Ba maganar mata ba ce."

"'Yar da na haifa za a kashe wa aure, ka ce ba maganata ba ce?"

Ya ɗauki kokon ya kurɓa. Ta tsaya a kansa har ta gaji, ta tafi tana magana ita kaɗai.

Da yamma Habibatu ta fito da kanta. Ta durƙusa daga bakin ƙofar zaure, idanunta sun kumbura.

"Baffa, ban taɓa yi maka musu ba, yau ma ba zan yi ba. Amma shekara biyu da rabi na jira shi. Kwana tara kawai muka yi. In wani abu ya yi, ina ganin ni ya kamata in fara sani."

Modibbo ya dubi bango. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

"Don ke na yi," ya ce. "Koma ciki."

Ta koma. Shi kuwa ya zauna yana jan carbi ba ya sanin inda ya kai. Ba fushi kaɗai ke cinsa ba. Yana son yaron. Lokacin da aka yi masa aikin ido, Abdulrauf ne ya yi mako guda yana riƙe masa buta. Amma ya ga abin da cutar zamani ta yi wa matan wasu abokansa na kara, waɗanda mazan suka ɗauko a tafiya suka kawo gida. Ba zai zauna ya ga an yi wa Habibatu haka ba. Kuma a masallaci ya riga ya yaba yaron da bakinsa. Wannan ma yana masa ciwo, ko da yake ba zai amsa ba.

Da Inna ta ga Juma'a na matsowa, sai ta aika kasuwar Muda Lawal a kira mata Babayo.

Babayo ɗan kawun Modibbo ne, wato taubashinsa. Kayan marmari yake sayarwa, lemo da kankana da abarba, gwargwadon abin da lokaci ya kawo. Tun suna yara suna kiwo tare. A duk Bauchi shi kaɗai ke iya gaya wa Modibbo maganar da ya ga dama, don taubashi ba a fushi da shi. Da yake shi ɗan namiji ne, Modibbo ɗan mace, bawansa yake kiransa.

Alhamis da hantsi ya shigo zaure ba tare da jiran iso ba, ya zube a kan tabarma.

"Bawana, an ce ka fara sabuwar sana'a. Ka bar dillancin shanu ka koma raba aure."

"In gaisuwa ka zo yi, na amsa."

"Ban gaishe ka ba. Ubangida ba ya fara gaida bawa. Me yaron nan ya yi?"

"Ya san abin da ya yi."

"Ni ban sani ba. Uwarta ba ta sani ba. Ita ba ta sani ba. Shi ma an ce ya rantse bai sani ba. Kai kaɗai ka sani duk duniya, sai ka ce wahayi."

"Babayo, ka kiyayi bakinka."

"Na kiyaye. To gobe in bai kawo takardar ba, ka ce kotu. Alƙali zai ce, Malam Modibbo, mene ne ƙararka? Sai ka ce masa, ya san abin da ya yi? Korar ka za a yi, a yi maka dariya har bakin titi. Ko ka faɗa mini nan mu biyu, ko ka faɗa a can gaban jama'a da magatakarda yana rubutawa."

Modibbo bai yi wannan tunanin ba. Ya ga kansa tsaye gaban alƙali, da furfurarsa, ana jiran ya furta abin.

Sannan ya ba Babayo labarin katanga da dakali, duk abin da ya ji bai rage ba. Da ya zo kan kalmar sai ya tsallake ta.

"Suna kewar me?" in ji Babayo.

"Abin."

"Wane abin? Giya?"

"A'a."

"Caca?"

"Ba na iya faɗa."

"To rubuta."

Modibbo ya leƙa ƙofar cikin gida, ya leƙa ta waje. Ya ɗaga gefen tabarma, ya ɗauki sandarsa, ya zana a ƙasa da ɗan ajamin da ya rage masa. Dal da rufu'a. Ra da kisira. Ya. Nun. Babayo ya sunkuya ya haɗa baƙaƙen a hankali, leɓɓansa na motsi. Kafin ya ɗago, Modibbo ya shafe rubutun da tafin ƙafa ya mayar da tabarma.

Wasa ya bar fuskar Babayo.

"Innalillahi," ya ce. "Abdulrauf ɗin?"

"Da kunnena."

Babayo ya cire hula ya sosa kai.

"Amma wannan nun ɗin na ƙarshe fa? Ni duk zamana a kasuwa ban taɓa jin an faɗe ta da nun ba. Kuma kasuwa ba irin bakin da babu."

"Adon 'yan boko ne."

"Wataƙila. Ka tambaye shi?"

"Da wane baki?"

"Kai da ba ka taɓa sayen saniya ba ka buɗe bakinta ka duba haƙora ba, yau za ka yanke auren 'yarka daga bayan katanga. Ni ba ni da kunyarka, ɗan kasuwa ne. Zan je in tambaye shi. In gaskiya ne, ni zan karɓo takardar da hannuna."

Ya tashi ya fita. Modibbo bai hana shi ba.

Ya yi azahar a masallacin layi ya dawo ya zauna. Bai iya cin abinci ba. Yana so Babayo ya dawo, yana kuma tsoron dawowarsa. Can sai ya ji tsayuwar mota, ya ji wata irin ƙara kamar mutum na shaƙewa. Babayo ne. Ya shigo yana dafa bango, hawaye na zuba, dariya ta hana shi sallama. Abdulrauf na biye da shi, kansa a ƙasa, riƙe da wani gwangwani. Ya tsuguna can nesa kusa da ƙofa. Duk wanda ya gan shi ya san da ƙasa za ta buɗe da ya shige.

"Bawana," Babayo ya ce da ƙyar, "ka kusa kashe aure a kan kayan sana'ata."

"Yi magana kamar babba."

"Ɗan itace ne! Ɗan itace, kamar gwanda, kamar giginya. A bishiya yake fitowa. Kai, malam, gaya masa, ni cikina ya ƙulle."

Abdulrauf bai ɗago ba.

"Baffa, ka gafarce ni. Wani ɗan itace ne a ƙasar da na je. Girmansa ya kai kan mutum, bayansa duk ƙaya, ba a ɗaukarsa da hannu sai da tsumma. In an fasa akwai nama a ciki mai laushi, rawaya. Su a can sarkin 'ya'yan itatuwa suke ce masa. Sunan da ka ji, sunansa ne a yarensu."

Ya ciro waya ya miƙa wa Babayo, Babayo ya miƙa wa Modibbo. Ga wani abu kore mai ƙaya an tara a kan tebur a bakin titi. Ga Abdulrauf da Musaddiq a zaune, kowa da ɓari a hannu, wani tsoho mai gajeren wando yana fasa wani da adda.

Modibbo ya duba ya mayar.

"Waya tana nuna abin da aka ce ta nuna."

"Na gaya maka haka zai ce," in ji Babayo. "Kawo gwangwanin."

"Baffa, ɗanyen ba a barin mutum ya hau jirgi da shi," Abdulrauf ya ce. "Wannan alewarsa ce, da namansa ake yi. A ofis na ɓoye ta."

Babayo ya buɗe gwangwanin. A ciki akwai leda, cikin ledar akwai wata ledar, mai hoton abin nan mai ƙaya a jiki. Ya ciro 'yar wuƙar da yake yanka abarba ya tsaga.

Warin bai yi sallama ba. Ya cika zauren nan take. Kamar albasa ta ruɓe a buhu, aka zuba mata daddawa, aka kawo giginya nunanniya aka ɗora a kai. Modibbo ya ja da baya, ya kai gefen rawaninsa hanci. Daga cikin gida muryar Inna ta taso.

"Wai ɓera ne ya mutu a zauren nan? Habibatu, duba ko gas ne ke zuba!"

Babayo ya sake faɗuwa kan tabarma.

Modibbo bai yi dariya ba. Ya sauke rawanin daga hanci ya dubi surukinsa, karo na farko tun Litinin. Ya riƙa ɗauko maganganun ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ce bayan masauki."

"Nan mai sayarwa yake kafa teburinsa, Baffa. Ba a yarda a shiga da shi ɗaki ba."

"Ka ce kana wanke hannu da baki."

"Ka ji warin, Baffa. Wannan ma alewa ce. Ɗanyen ya ninka haka. In ka ci ka shiga sahu, na kusa da kai ba zai san raka'a nawa aka yi ba."

"Otal fa?"

"Taro muka je wani gari, Musaddiq ya shigo da shi a jaka. A otal da jirgin ƙasa har allo suke kafawa, da hotonsa an ja masa jan layi. Ma'aikata suka bi wari har ƙofarmu."

Saura ɗaya, ita ce mai nauyin.

"In ɗan itace ne, me ya hana ka gaya wa matarka?"

Abdulrauf ya ƙara sunkuyar da kai.

"Baffa, sunan ne. Ta yaya zan kira ta a waya in ce mata ga abin da nake ci kullum? Ko a can, in mu Hausawa muka je saye, nuni muke yi da hannu. Sai tsakaninmu abokai muke faɗa muna dariya. Kuskurena ne da na faɗa a ƙofar gidanka."

Wannan amsar ce ta shiga Modibbo fiye da hoton, fiye da warin. Yaron da ya ji kunyar faɗa wa matarsa sunan ɗan itace, yaron da ya sani ne, ba a canza masa shi a tafiya ba. Wani abu da ya tokare masa ƙirji kwana uku ya sauka. Ya jingina da bango ya fitar da dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya sake cewa. Ya ƙara na uku a hankali, kamar shi kaɗai ne a zauren.

Da ya dawo daidai sai ya ɗaure fuska.

"Su mutanen can ba su da manya ne? A rasa sunan da za a sa wa abinci sai wannan?"

"A yarensu ba komai ba ne, Baffa. Farkon kalmar ƙaya take nufi. Ƙarshen kuma kamar a ce mai abu. Abu mai ƙaya, shi ke nan ma'anarta. Limaminsu ma faɗa yake, yara na faɗa gaban iyayensu."

"Ka ji nun ɗin da ka raina," in ji Babayo. "Wa ya sani ma, ƙila mu ma akwai abin da muke faɗa kullum a nan, in suka ji sai su toshe kunne. Ƙila sunanka ma zagi ne a can."

"Sunanka dai."

Modibbo ya buga sanda a ƙasa sau ɗaya.

"A gidan nan, da gidan 'yata, sunansa mai ƙaya. Wanda ya kira shi da wancan, ya kira a waje."

"To, Baffa."

Babayo ya daina dariya, ya zuba wa taubashinsa ido. Duk su ukun sun san abin da ya rage. Modibbo ya gyara zama, ya gyara rawani, ya dubi sandarsa. A shekara saba'in ba a taɓa jin ya janye magana ba. Amma ya ɗora wa Musulmi zina a zuciyarsa kwana uku, kuma ko ɗan karatun da ya yi ya isa ya san nauyin wannan.

"Abdulrauf."

"Na'am, Baffa."

"Na yi maka mummunan zato. Ka yafe."

Abdulrauf ya rikice, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Haba Baffa, haba Baffa, ni ne da laifi. Wallahi ba komai. Ko ni ne na ji haka..."

"Na ce ka yafe. Ka ce ka yafe."

"Na yafe, Baffa."

"Shi ke nan. Maganar Juma'a babu ita."

Babayo ya ɗaga hannu sama. "Jama'a ku zo ku gani! A rubuta ranar nan. Bawana ya ba da haƙuri."

"Kai kuma in na ji wannan labari a Muda Lawal, ni da kai ne."

"Ai ko ina so ba zan iya ba da shi ba. Ta ina zan fara?"

Modibbo ya ɗaga murya ya kira Habibatu. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, Inna na tsaye a bayanta da gefen zane a hanci. Habibatu ta ga mijinta, ta ga Kawu Babayo yana share hawayen dariya, ta ga gwangwani a tsakiyar tabarma. Ta dubi uban.

"Mijinki na jira," ya ce. "Ba abin da ya yi. Kunnena ne ya yi kuskure."

Ta rufe fuska da tafukanta. Kafaɗunta suka yi ta rawa, ba a san kuka ba ne ko dariya. Inna ta dafa ta tana hamdala.

"To yanzu sai a gaya mana abin da ka ji," in ji Inna.

"Mijinta zai gaya mata a gida," Babayo ya ce, "in ya iya. Ita kuma ta gaya miki, in ta iya."

"Ku dai maza kun iya ɗaga wa mutane hankali. Kuma ku fitar mini da wannan mushen daga gida."

Ta ja 'yarta suka koma ciki. Jim kaɗan aka ji ƙarar kwano da cokali. Habibatu ce ke cin abinci, karo na farko tun Talata. Modibbo ya saurara.

Babayo ya jawo gwangwanin. Ya yanki alewar ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya rufe ido ya jefa a baki. Ya tauna a hankali. Ya buɗe ido ɗaya.

"Kai! Malam, ashe kana da gaskiya. Hanci na cewa a'a, baki na cewa ƙaro. Kamar madara da zuma, da ɗan albasa daga baya." Ya sake yanka ya cinye. Ya yanki na uku, ya soke a bakin wuƙa, ya miƙa wa Modibbo. "Karɓi, bawana. Abin da ya hana ka cin tuwo kwana uku, ai ka san ɗanɗanonsa."

"Kai dai ci."

"Ɗan kaɗan. Halal ne, surukinka malami ne, tambaye shi."

"Baffa, da daɗi wallahi," Abdulrauf ya ce a hankali. "In aka daure aka wuce warin."

Modibbo ya dubi abin da ke bakin wuƙar. Ya dubi Babayo, ya dubi surukinsa. Ya ja rawaninsa ya rufe hanci.

"Ba zan ci ba."